Kilomita 160 a Kan Doki Ɗaya: Rayuwar Masu Hawa Don Sha'awa a Tseren Tevis

A yawancin tseren dawaki na duniya, wanda hancin dokinsa ya riga tsallake layi shi ya ci. A garin Auburn na jihar Kalifoniya a Amurka abin ba haka yake ba. Mahayi na iya isowa na farko bayan ya kwashe kilomita 160 a cikin duwatsu, jama'a su yi ta tafi da sowa, amma dole ya sauka ya ja dokin zuwa gaban likitan dabbobi. Likita zai ɗora abin sauraro a haƙarƙarin hagu, daidai bayan ƙafar gaba, ya ƙirga bugun zuciya. Zai ɗaga leɓe ya duba dasashi, sannan ya sa a yi sassarfa da dokin a tafi a dawo. In ɗingishi ya bayyana, tafiyar yinin nan gaba ɗaya ta tashi a banza, ko sunan mahayin ba zai shiga cikin waɗanda suka kammala ba. Sharaɗin shi ne doki ya iso da sauran ƙarfin da zai iya ci gaba da tafiya in an buƙata.

Wannan shi ne tseren Tevis, kakan tseren dogon zango na zamani. A 1955 wani ɗan kasuwar Auburn mai suna Wendell Robie ya tsaya kai da fata a kan cewa dawakin zamaninsa ba su lalace ba, suna iya mil 100, wato kilomita 160, a yini guda kamar yadda na mutanen dā suka yi. Ya hau dokinsa na Larabawa, Bandos, shi da abokai ƙalilan, suka taso daga gefen tabkin Tahoe suka ratsa tsaunukan Sierra Nevada ta tsohuwar hanyar masu haƙar zinariya, suka shiga Auburn kafin awa 24 ta cika. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, ana sa ranarsa a tsakiyar lokacin zafi, kusa da cikar wata, don a samu farin wata a tafiyar dare. Kofin da ake bai wa na ɗaya ya samo sunansa daga Lloyd Tevis, tsohon shugaban kamfanin Wells Fargo. Gobarar daji ta hana a yi a 2008, annobar korona ta hana a 2020.

Ba kuɗin lada a Tevis. Wanda ya kammala cikin awa 24 da lafiyayyen doki, abin da zai koma gida da shi kan bel ne na azurfa. Kuma a yawancin shekaru wajen rabin waɗanda suka tashi ne kawai ke samun sa.

To su wa ke zuwa? Akwai ƙwararru da sana'arsu ke nan, masu barga cike da dawaki. Amma mafi yawa mutane ne masu aikin albashi: ma'aikatan jinya, malaman makaranta, masu ƙananan shaguna, 'yan fansho. Mata sun fi yawa, kuma ba yau suka fara ba, domin tun 1961 Drucilla Barner ta zama mace ta farko da ta lashe kofin. Da yawansu doki ɗaya tak suke da shi, a ɗan fili bayan gida ko a bargar haya. Wannan mai doki ɗayan ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma a ganina shi ke riƙe da mutuncin wasan.

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a turke ya san kuɗin sayensa ne mafi sauƙi a cikin ɗawainiyarsa. Dokin Larabawa da bai yi fice a wajen baje kolin kyau ba, ko wanda aka sallama daga filin sukuwa, ana iya samun sa da araha a Amurka, kuma da irinsu masu sha'awa da dama suka fara. Wahalar tana biyowa baya. Doki na cin ciyawa da ingirici da suka kai kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa kowace rana, ko an hau shi ko ba a hau ba. Mai gyaran kofato zai zo duk bayan mako shida zuwa takwas. Ga allurar rigakafi, ga maganin tsutsar ciki, ga goge haƙori. Sirdi kuma wata duniya ce: wanda ya zauna daidai a bayan doki a watan farko zai iya matse shi bayan wata shida, saboda horo ya canza masa tsoka, kuma sirdin da ke ɗan gogar baya a tafiyar awa ɗaya zai buɗe miki a tafiyar awa ashirin. Sai motar ja da akwakun ɗaukar doki, tunda wuraren tsere suna nesa da gari. Mai albashi yakan sadaukar da hutunsa na shekara da canjin mota da gyaran ɗaki, duk su tafi a cikin wannan rami. Ba ranar da zai ce yau ya gaji ba zai ba da abinci ba. Kafin ya tafi aiki da asuba ya kwashe kashi ya zuba ruwa, in ya dawo da yamma ya ɗaura sirdi.

Mai karatu a Kano ko Katsina ko Damagaram ba baƙon doki ba ne, amma akwai abin da zai ba shi mamaki. A wajenmu ingarma ake hawa, mai cika ido, mai wuya a lanƙwashe, wanda zai yi zamiya a gaban sarki ranar hawan sallah. A dogon zango kuwa goɗiya da dandaƙaƙƙen doki sun fi yawa, kuma ƙanana ne, marasa ƙiba, wasu har ana iya hango layin haƙarƙarinsu. Jinin Larabawa ya mamaye wasan saboda siririyar fata da ƙaramin jiki na saurin fitar da zafi, tsokarsu kuma irin mai jure doguwar tafiya ce. Duk da haka alfadarai da dawakin jeji na Amurka da aka horar sun sha kammala Tevis. Abin da ake nema a wurin dabbar ya wuce gudu. Ana son mai cin abinci a ko'ina, mai shan ruwa a kowane kududdufi, wanda ba ya ƙona ƙarfinsa da rawar kai in ya ga wasu dawaki sun wuce shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuciya da huhun doki suna ƙarfafa cikin 'yan watanni, shi ya sa sabon mahayi ke ruɗuwa: dokin ba ya haki, yana neman a sake masa linzami, sai ya ɗauka ya shirya. Amma jijiyoyin ƙafa da ƙashi suna bukatar shekara biyu ko fiye kafin su yi ƙwari, kuma su ne ke fara ba da kai. Saboda haka horon yawanci tafiya ce da sassarfa, a hankali, a kan tudu da gangare, sau biyu ko uku a mako, a bar kwanakin hutu a tsakani. Ƙungiyar da ke tsara wasan a Amurka, AERC, wadda aka kafa a 1972, ta shimfiɗa matakai. Ana farawa da mil 25 zuwa 35, sannan mil 50 da ake ba wa awa 12, kafin a yi maganar mil 100. Tevis ba ta karɓar dokin da bai kai shekara shida ba, shi ma mahayin sai ya nuna shaidar mil ɗaruruwa da ya kammala a wasu tsere kafin a rubuta sunansa.

A cikin waɗannan shekaru ne mai doki ɗaya ke koyon abin da ba a karantawa a takarda. Yana sanin bugun zuciyar dokinsa a lokacin hutu, wanda a lafiyayyen doki yakan tsaya tsakanin 28 zuwa 44 a minti. Kowace safiya yana shafa ƙafafu huɗun da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, yana neman ɗumi ko kumburin da jiya babu. Yana sanin yadda dokin ke kaɗa kunne in yana cikin nishaɗi, da yadda yake yi in wani abu na damun sa. Ranar tsere likita zai ga dokin na 'yan mintuna ne kawai a kowace tasha. Mai shi kuwa ya shekara yana kallon sa.

Da ƙarfe 5:15 na asuba ake tashi daga Robie Park kusa da garin Truckee, cikin duhu da ƙura da sanyin tsauni. Dawaki fiye da ɗari a hanya ɗaya, kowanne na jan linzami. Awannin farko su ne mafi haɗari ga mai sha'awa, domin in ya bar dokinsa ya bi zugar na gaba, ƙarfin da zai bukata da tsakar dare ya ƙone tun kafin hantsi. Hanya na hawa zuwa tsayin fiye da mita 2,600, ta faɗa cikin jejin Granite Chief mai santsin duwatsu da taɓo, ta kai ga Cougar Rock, wani dutse mai tsayuwa kusan a miƙe da doki ke hawa da tsalle-tsalle yayin da mahayi ya kwanta a wuyansa ya damƙi geza. Akwai 'yar hanya ta gefe ga wanda ba ya son kasada, kuma ba abin kunya ba ne a bi ta.

Robinson Flat, wajen kilomita 58, ita ce babbar tasha ta farko, inda dole kowa ya tsaya awa ɗaya. A nan ne ake ganin dabarar da aka gina wasan a kanta. Awar hutun ba ta fara ƙirguwa daga lokacin da mahayi ya iso. Sai bugun zuciyar dokin ya sauko zuwa adadin da likitoci suka yanka, galibi 60 ko 64 a minti, sannan a rubuta lokaci. Wanda ya shigo a sukwane zai tsaya yana kallon agogo zuciyar dokinsa na dukan tara-tara, wanda ya sauka tun daga nesa ya sassauta majanyi ya jawo nasa a ƙasa sai ya riga shi fita. Dokin da zuciyarsa ta ƙi saukowa cikin rabin awa, tafiyarsa ta ƙare a nan.

Tashar kanta kasuwa ce. Masu taimaka wa mahayi yawanci miji ne ko mata ko 'ya'ya ko abokan aiki, sun kwana a hanya da bokitai. Ɗaya ya zare sirdi, ɗaya ya riƙa kwara ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi inda manyan jijiyoyin jini suke kusa da fata, wani ya tura kwanon jiƙaƙƙiyar dusa da karas a gaban dokin. Likita ya tsunkuli fatar kafaɗa ya saki, ya ga ko za ta koma nan take, domin in ta tsaya a tsaye ruwan jiki ya yi ƙasa. Ya danna dasashi da yatsa ya ƙirga daƙiƙa nawa jini zai ɗauka kafin ya dawo, biyu ne iyaka. Ya saurari ciki ta ɓangarori huɗu, yana neman ƙugin hanji, saboda cikin da ya yi tsit shi ne farkon masifa. Akwai kuma gwajin da likita Kerry Ridgway ya yaɗa: a ƙirga bugun zuciya, a yi sassarfa da doki kamar mita 38 a dawo, in minti ɗaya ya cika a sake ƙirgawa. In adadi na biyu ya haura na farko sosai, dokin ya gaji fiye da yadda idonsa ke nunawa.

Mahayiya kuwa tana tsaye da gurasa a hannu ba ta ci ba, idonta na kan dokin. Ya ci? Ya sha? Ya yi kashi? In ya buɗe ƙafa zai yi fitsari har sunkuyawa take yi ta ga launi. Ruwan ɗorawa mai haske, hankalinta ya kwanta. In ya fito baƙi-baƙi kamar shayi mai kauri, tsoka ta fara lalacewa, ƙoda na cikin haɗari, kuma ba sai likita ya faɗa mata abin da ya rage ba.

Daga tsakar rana ake shiga kwazazzabai, kuma a nan Tevis ke cin mutane. Hanya ta gangara ɗaruruwan mitoci zuwa gindin kogi, ta sake hawa ɗaya gefen da lanƙwasa bayan lanƙwasa, sannan a sake wani. Iska ba ta motsi a ƙasa, zafi kan haura digiri 40. Doki mai aiki a irin wannan yanayi na iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda, kuma gumin doki ya fi na mutum ɗaukar gishiri. Shi ya sa ake ɗura masa haɗin gishirin jiki a baki da sirinji a kan hanya, abin da mai doki a ƙasar Hausa da ya saba jiƙa wa nasa kanwa zai gane hikimarsa nan da nan. In gishirin ya yi ƙaranci, ciki kan murɗa, ko tsoka ta ɗaure, ko a ga kwiɓin doki na zillo daidai da bugun zuciyarsa.

A gangare mahayi kan sauka ya yi gudu a gaban dokin don ya rage wa ƙafafun gaba nauyi. A hawa kuma sai ya saki doguwar igiya, ya koma baya ya naɗe wutsiyar dokin a hannu, dokin ya riƙa jan sa zuwa sama. Mace mai shekara sittin, fuska duk ƙura, tana riƙe da bindin goɗiyarta suna hawan tudun Devil's Thumb taki ɗaya bayan ɗaya, wannan abu ne da ake gani kowace shekara. Ba a yin haka da dabbar da ba a yarda da ita ba. A 1974 wani mahayi, Gordy Ainsleigh, da ba shi da dokin hawa a shekarar, ya bi dawakin da ƙafarsa tun daga farko har ƙarshe cikin awa 23 da minti 42. Daga wannan ne aka samo gasar gudun mutane ta Western States mai mil 100, wadda ake yi a kusan hanya ɗaya har yau.

A Foresthill, wajen kilomita 109, ake hutun awa ɗaya na biyu. Na gaba-gaba suna barin wurin da sauran rana. Mai sha'awa yawanci magariba ke riskar sa a nan, ya canza riga, ya ɗaura 'yan sanduna masu ƙyalli a ƙirjin doki, ya shiga duhu. Hanyar da ke biye siririya ce a jikin dutse, kogin American na can ƙasa. Ba a son fitila mai farin haske domin tana kashe wa doki ido, alhali ya fi mutum gani da dare nesa ba kusa ba. Abin da ya rage wa mahayi shi ne ya sassauta linzami ya bar dokin ya zaɓi inda zai taka. Wasu jiri ke kama su, wasu amai, wasu su riƙa ganin abubuwan da babu saboda rashin barci. Sai ƙetare kogi, wanda ake rage masa ruwa daga madatsar sama a daren don dawaki su iya wucewa, sai tashar likita a Lower Quarry saura kilomita goma, sai gadar No Hands, sai hawan ƙarshe zuwa Auburn. Da yawa suna isowa ne tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba.

Rabin da ba su iso ba fa? Wasu likita ya cire su, wasu lokaci ya ƙure musu. Amma akwai waɗanda likita ya ce su wuce, su da kansu suka ce a'a. Dokin ya ci jarrabawa, sai dai mai shi ya ga ya kau da kai daga abincin da bai taɓa ƙi ba, ko ya ji takunsa ya canza a ƙarƙashin sirdi. Ya miƙa katinsa, ya jira motar da za ta kwashe su, shekara biyu ko uku na shiri da kuɗin da ya tara sun tsaya a kilomita 90. Ina ganin babu wani abu a wasannin dawaki da ya kai wannan daraja. Mutumin nan ba waliyyi ba ne. Dokin da ke gabansa shi ne wanda zai ciyar gobe da safe, shi ne 'ya'yansa suka koyi hawa a kai, kuma babu wani a barga da zai maye gurbinsa.

Inda aka raba mahayi da wannan ɗawainiya an ga abin da ya biyo baya. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karɓi dogon zango a 1982, daga baya kuma kuɗi mai yawa ya shigo daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, da kansa ya lashe gasar duniya a Euston Park na Ingila a 2012. An gina manyan bargogi masu ɗaruruwan dawaki, an share hanyoyi a cikin rairayi, motoci na bin mahaya a gefe ana miƙa musu gorunan ruwa, gudu ya haura kilomita 25 a awa. Sau da yawa mahayin ɗan haya ne da bai san dokin ba sai a safiyar tsere. Karayar ƙafa da amfani da haramtattun magunguna suka yawaita. A farkon 2015 hoton wani doki mai suna Splitters Creek Bundy, da ƙafafunsa na gaba biyu suka karye a wani tsere a Abu Dabi, ya zaga duniya, kuma a watan Maris na shekarar FEI ta dakatar da hukumar dawakin ƙasar na wasu watanni. Adalci ne a faɗa cewa a cikin ƙasar ma an samu masu neman gyara: a filin Boudheib, marigayi Sheikh Sultan bin Zayed Al Nahyan ya kawo dokokin da suka rage gudu suka mayar da mafi yawan lada ga lafiyar doki. Amma ya kamata a lura da cewa abin da sai da doka aka tilasta a can, mai doki ɗaya yana yin sa ba tare da kowa ya sa shi ba.

A Tevis ma ana girmama wannan tun da daɗewa. Washegarin tsere da safe ana fito da dawaki goma na farko a gaban jama'a, likitoci su sake duba su, a yi sassarfa da su a miƙe da kuma a kewaye, a zaɓi wanda ya fi kowa lafiya. Shi ake ba kofin Haggin, wanda aka fara bayarwa a 1964, kuma mahaya da yawa sun fi ƙaunar sa a kan na Tevis ɗin kansa. Julie Suhr, wadda ta kammala tseren fiye da sau ashirin kuma ta ci gaba da hawa har tsufanta, ta ɗauki wannan kofi sau uku. 'Yarta Barbara White ta zarce ta a yawan kammalawa, ta haura talatin.

Wasan ya bazu. Ostiraliya na da kofin Tom Quilty tun 1966, Faransa na da Florac, Afirka ta Kudu na da Fauresmith inda ake kwashe kusan kilomita 200 cikin kwana uku. A duk wuraren nan akwai irin mutumin da muke magana a kai, wanda ba zai taɓa shiga goman farko ba kuma ya sani. A Amurka akwai wata karramawa da ta dace da shi, ta mahayi da doki da suka kammala tseren mil 50 ko fiye a shekaru goma daban-daban, su biyun tare. Samun ta na bukatar, in an fara da doki yana ɗan shekara biyar ko shida, a kai shi aƙalla sha huɗu ko sha biyar ƙafafunsa garau, a tsallake ciwon ciki da tsagewar jijiya da shekarun da aljihu ya bushe. Bayan Tevis irin wannan mahayi yakan cire wa dokinsa takalma ya sake shi a fili wajen wata guda ba hawa, shi kuma ranar Litinin ya koma bakin aikinsa.